Masu Dogon Buri a Dandalin Landan: Tamburlaine, Faustus da Macbeth

Mu mazauna Kusuri ta ƙasar Kamaru ba ma buƙatar dogon bayani a kan mutumin da ya taso ba kowa ba, ya ci garuruwa da bakin bindiga, sannan ya faɗi a rana guda. A garin nan aka kashe Rabeh a 1900, shekara bakwai bayan ya ci Borno da yaƙi ya mai da Dikwa hedikwatarsa. Shi ya sa wasannin kwaikwayon da aka rubuta a Ingila a ƙarshen ƙarni na 16 da farkon na 17 ba sa zame mini baƙi, domin da yawansu a kan irin waɗannan mutane aka gina su. Abin da na fi damuwa da shi a cikinsu kuwa shi ne tambaya ɗaya: a wane lokaci ne mai dogon buri yake rufe wa kansa ƙofar dawowa?

Christopher Marlowe, ɗan mai ɗinkin takalma da aka haifa a Canterbury a 1564, shi ya fara buɗe wannan fage da Tamburlaine, wanda aka buga littafinsa a 1590. Ya ɗauko labarin Taimur, sarkin da ya kama Sarkin Usmaniyya Bayazid a yaƙin Ankara a 1402, ya mai da shi makiyayi wanda ya ɗaura aniyar mallakar duniya. A cikin wasan ya sa Bayazid a keji, yana taka bayansa in zai hau gadon sarauta, daga baya kuma ya ɗaura wa sarakuna linzami suna jan kekensa kamar dawaki. Akwai wurin da ke da zafi ga kowane Musulmi, inda Marlowe ya sa shi ƙona Alƙur'ani, alhali Taimur na tarihi Musulmi ne. Jim kaɗan bayan wannan aika-aika ciwon ajali ya kama shi. Ko a gadon mutuwa taswira ya ce a kawo masa, yana baƙin cikin ƙasashen da bai kai ga ci ba. Tamburlaine bai taɓa sanin nadama ba, saboda haka yana ba ni tsoro, amma ba ya ba ni tausayi.

Dakta Faustus ya fi shi kusa da mu, musamman mu da muka sha wahalar neman ilimi. Malami ne a Wittenberg ta ƙasar Jamus, wanda ya duba ilimin mantiƙi da likitanci da shari'a da addini, ya ga duk sun yi masa kaɗan, sai ya koma ga sihiri, ya rubuta alkawari da jininsa cewa ya sayar wa Shaiɗan ransa a kan shekara 24 na biyan bukata. Abin takaici shi ne yadda ya kashe shekarun. Mutumin da ya yi mafarkin juya sarakuna ya ƙare da tsokanar Fafaroma a wurin cin abinci, da damfarar mai sayen doki, da kawo wa matar wani basarake inabi ba a lokacinsa ba. Sau da yawa ana kiransa zuwa ga tuba, har wani dattijo ya roƙe shi dab da ƙarshe, shi kuwa yana ganin zunubinsa ya fi ƙarfin gafara. A fahimtata, yanke ƙauna daga rahamar Ubangiji ne ya hallaka shi fiye da takardar da ya sa wa hannu, kuma duk wanda ya tashi a zauren karatu ya san nauyin wannan laifi. Marlowe bai ga an buga littafin wasan ba, domin an soke shi da wuƙa a Deptford a 1593 yana ɗan shekara 29, littafin kuwa sai a 1604 ya fito.

Macbeth na William Shakespeare, wanda aka rubuta wajen 1606, shi ne ya fi tsaya mini a rai. Jarumi ne amintacce da Sarki Duncan ya ɗaukaka, sai wasu bokaye mata uku suka faɗa masa zai yi sarauta. Ba su ce ya kashe kowa ba. Kafin ya ɗauki wuƙa, shi da kansa ya lissafa dalilan da suka hana: Duncan ɗan'uwansa ne, sarkinsa ne, baƙonsa ne da ya kwana a ƙarƙashin rufinsa, kuma adali ne. Har ya gaya wa matarsa ya fasa, ita kuwa ta yi masa gorin rashin mazantaka, ya miƙe ya aikata abin da ya san haramun ne tun kafin ya taɓa shi. Wanda ya san darajar baƙo a gidajenmu zai gane girman wannan cin amana ba sai an fassara masa ba.

Daga nan kowane kisa yana haifar da wani. Ya sa an kashe abokinsa Banquo saboda tsoro, ya sa an karkashe matar wani basarake mai suna Macduff da 'ya'yansa ba tare da wata riba ba, barci ya ƙaurace masa, matarsa kuma ta koma yawo cikin barci tana wanke jinin da babu mai ganinsa sai ita. Akwai lokacin da ya faɗa da bakinsa cewa ya yi nisa cikin jini har komawa baya ta zama wahala ɗaya da ƙarasawa, kuma a nan nake ganin ya rufe ƙofar da hannunsa. Ya kamata a yi wa tarihi adalci: Macbeth na gaskiya ya mulki Sikotiland daga 1040 zuwa 1057, kuma a fagen yaƙi Duncan ya mutu, amma Shakespeare yana rubutu ne a zamanin Sarki James, wanda ya hau gadon Ingila a 1603, ake kuma danganta zuriyarsa da Banquo. A ƙarshen wasan an kawo wa Macbeth labarin mutuwar matarsa bai ko zubar da hawaye ba, sannan ya ga alkawuran kariya da bokayen suka yi masa suna warwarewa ɗaya bayan ɗaya, duk da haka ya ƙi miƙa wuya, ya fuskanci Macduff da takobi yana sane da cewa a hannunsa zai mutu.