Baƙin hayaƙin Fatakwal

Jiya ina gyara akwati na ci karo da wata farar shaddata da na yi zaman Fatakwal da ita, wallahi har yau wuyanta bai koma fari ba duk da wankin da ta sha. Sai na tuna 2017 lokacin da nake kai albasa can.

Ka shanya kaya da daddare, da asuba ka je ɗauka ka tarar kamar an barbaɗa musu garin gawayi, ka zo alwala ka shaƙa ruwa ka fyace ya fito baƙi ƙirin, yara kuwa ko a ɗaki suka yini in ka duba tafin ƙafarsu sai ka rantse a maƙera suka yi wasa. Tun ƙarshen 2016 abin ya fara sauka a garin. Masu fasa bututu ne ke dafa ɗanyen mai a tankuna can cikin surƙuƙin bakin ruwa, su suna ce masa kpofire, in an kama man kuma sai a banka masa wuta, hayaƙi kan hayaƙi kenan, ga gas da ake ƙonawa dare da rana, ga tayar da ake babbaka da ita a mahauta.

Ni da na tashi cikin ƙurar hunturu na ɗauka ba abin da zai dame ni, ashe ƙura ma da sauƙi. Wata uku ina tari, na sha zuma da citta har na gaji, sai da na dawo gida ƙirjina ya saki. Shaddar dai na mayar da ita akwati, na kasa bayarwa.