Itatuwan ƙarfe da ganuwar zinariya a fim ɗin Perceval

A shekarar 1978 ne mai shirya finafinai ɗan Faransa Éric Rohmer ya fitar da Perceval le Gallois, fim ɗin da bai samu kasuwa ba a Faransa lokacin fitowarsa, amma wanda nake ganin ya dace masu sha'awar shirya finafinan tarihi a nan Yamai su zauna su kalle shi da natsuwa. Labarin ya samo asali ne daga doguwar waƙar da Chrétien de Troyes ya tsara wajejen 1180 zuwa 1190, mai layuka kimanin 9,000, wadda ya bari ba a kammala ba. Perceval yaro ne da uwarsa ta ɓoye a daji domin kada ya san harkar yaƙi, wadda ta raba ta da mijinta da ƴaƴanta biyu. Ranar da ya fara ganin barade cikin sulke mai walƙiya sai ya zaci mala'iku ne, daga nan ya bar uwarsa ya nufi fadar Sarki Arthur domin shi ma ya zama barde.

Abin da ke fara ba mai kallo mamaki shi ne, babu daji ko ɗaya na gaskiya a cikin fim ɗin. An ɗauke shi ne cikin zauren ɗaukar fim a Épinay, kusa da Paris. Itatuwan da Perceval ke ratsawa na ƙarfe ne, ƴan kaɗan ne kuma, sararin sama fenti ne, ganuwar fada kuwa an shafa mata ruwan zinariya, kuma gajera ce har mahayin doki ya kusa kamo tsayinta. Fadar nan guda ita ce ake sake nunawa a matsayin fadoji daban-daban, tambarin da ke bisa ƙofa kawai ake sauyawa. Dawakan dai na gaskiya ne, sai ka ga doki ya kewaya itatuwan nan sau ɗaya, a ce maka an yi tafiya mai nisa.

Wanda bai san dalili ba zai ce rashin kuɗi ne ko rashin gwaninta, alhali Jean-Pierre Kohut-Svelko da ya gina wurin da Néstor Almendros da ya riƙe kyamara ƙwararru ne a sana'arsu. Rohmer ya bi zanen da masu kwafar littattafai na wancan zamani suke ƙawata shafuka da shi. A irin wannan zane ba a rage girman abu saboda nisansa, mutum kan kai tsayin hasumiya idan shi ne mai muhimmanci, bayan hoto kan zama zinariya zalla, itace guda kuma ya wakilci kurmi. Dabarar zane mai nuna kusa da nesa yadda ido ke gani ba ta kafu a Turai ba sai ƙarni na 15, lokacin da masanin zane ɗan Italiya Alberti ya bayyana ƙa'idojinta a 1435. Saboda haka Almendros ya baza haske ko'ina daidai, inuwa ba ta da yawa, ƴan wasa kuma suna ɗaga hannuwa da tafuka a buɗe kamar mutanen cikin zanen.

A ganina wannan zaɓi ya fi kusa da gaskiya fiye da yadda ake zato. Babu wanda ya ga ƙarni na 12 da idonsa, abin da ya iso gare mu shi ne yadda mutanen lokacin suka zana kansu da yadda suka rera labarinsu. Mai fim da ya cika allo da laka da tsummoki yana cewa haka rayuwa take a da, shi ma ƙirƙira yake yi, sai dai ya ɓoye ƙirƙirar tasa. Robert Bresson, a fim ɗinsa Lancelot du Lac na 1974, ya shiga daji na gaskiya da jini da ƙarar ƙarfe, kuma aikinsa yana da ƙarfi, amma idon mutumin ƙarni na 20 ne yake kallon baraden.

Magana ma haka aka yi da ita. Rohmer da kansa ya mayar da tsohon Faransanci zuwa na zamani, ya bar layukan da gaɓoɓinsu takwas-takwas da amsa-amonsu. Fabrice Luchini, wanda ya fito a matsayin Perceval, yakan faɗi abin da Perceval ya yi kamar wani yake ba da labarinsa, sannan ya ci gaba da magana da bakin Perceval ɗin. A gefe kuma ga mawaƙa da kayan kiɗan da, suna karɓar labarin suna rerawa, kiɗan da Guy Robert ya tsara daga waƙoƙin ƙarni na 12 da na 13. Wanda ya saba jin makaɗin fada da ƴan amshinsa ba zai sha wuyar gane wannan tsari ba.

Inda salon ya fi biya shi ne daren da Perceval ya sauka a gidan wani sarki mai rauni. Aka wuce ta gabansa da mashi mai ɗigar jini, budurwa ta biyo ɗauke da kwanon zinariya, shi kuwa ya yi gum, domin Gornemant da ya koya masa riƙon makami ya gargaɗe shi da yawan surutu. Mu da aka tarbiyyantar da cewa baki shi ke yanka wuya za mu yaba masa, amma a labarin shirun nan ne laifinsa, don da ya tambaya wa ake kai wa kwanon, da sarkin ya warke. Da yake babu tarkacen ado da zai ɗauke hankali, idon mai kallo ba ya da wurin zuwa sai fuskar yaron da ya haɗiye tambayarsa.

Ba duka na yarda da shi ba. Sashen Gauvain, wani barden Sarki Arthur wanda André Dussollier ya taka, yana janye mu daga Perceval na dogon lokaci a fim mai tsawon fiye da sa'o'i 2, wasan gicciye Yesu Almasihu da aka rera da Latin a ƙarshe kuma faɗaɗawar Rohmer ce, tana da nauyi ga wanda bai tashi cikin al'adar coci ba.

Matasanmu masu son ɗaukar tarihin Damagaram ko Gobir ko Adar sukan ce sai an samu dawaki ɗari da filin daga. Marigayi Moustapha Alassane, wanda ya zauna a Tawa, ya ba da labarin jarumi da ƴan tsana a Samba le Grand a 1977. Gaskiya ne magabatanmu ba su bar mana zanen mutane a littattafai ba, amma akwai zayyanar allo, da adon bangon gidajen Birni a Damagaram, da aikin dukawa a jikin sirdi, da launukan lifidi da ake fitarwa ranar hawan salla, kuma da waɗannan ana iya gina fada sukutum cikin zaure guda.