Kwana tara a kogin Clearwater, zinaren bai cika cokali ba

Wani dattijo da muke aiki tare a Boise, jihar Idaho ta Amurka, shi ya ja ni cikin harkar neman zinare a kogi. Duk bazara yakan ɗaure injinsa a bayan mota ya nufi reshen kudu na kogin Clearwater, wajajen Elk City, inda aka fara samun zinare tun 1861. Ni a zatona, tunda an ce ƙasar gwamnati ce, ai kowa ya ga dama ya shiga ya ɗiba. Ashe da sauran aiki.

Injin ba wani abin mamaki ba ne. Famfo ne a kan ƙaramin kwale-kwale, da mesa mai zuƙo yashi da tsakuwa daga gindin ruwa, tana zubawa a wata doguwar magudana mai tsani-tsani. Zinare ya fi ruwa nauyi sau 19, don haka sai ya maƙale tare da baƙin yashi, sauran ya wuce. Kai kuwa kana kwance a ƙasan ruwa mai sanyin ƙanƙara, kana shaƙar iska ta tiyo.

Takardu ne suka fi ba ni wahala. Hukumar ruwa ta Idaho tana ba da izinin masu yi don nishaɗi, amma da sharaɗin bakin mesa kada ya wuce inci 5, inji kuma kada ya wuce ƙarfin doki 15. Akwai wani izinin daban saboda laka da kake mayarwa cikin kogi. Wurin kuma gandun dajin tarayya ne, dole hukumar gandun daji ta san da zuwanka. Sannan lokaci ƙayyadadde ne: a wannan kogin daga 15 ga Yuli zuwa 15 ga Agusta, shi ke nan. Na tambayi dattijon dalili, sai ya nuna mini tsakuwar da nake takawa, ya ce a cikinta kifin salmon da danginsa ke zuba ƙwai, an zaɓi watan ne don kada mesa ta zuƙe su. Ya ce mu gode Allah ma, Kalifoniya ta hana wannan injin tun 2009.

Inda na yi ɓaram-ɓarama shi ne rana ta biyu. Na hango wata kwana a sama da inda muke, ruwan ya lafa, na ɗauki tasa na je ina rairaya. Ban jima ba wani mutum ya sauko, ba faɗa ba zagi, ya nuna mini wani turke da takarda a jikinsa. Wurin da rajistarsa. Dokar haƙar ma'adinai ta 1872 ta ba ɗan ƙasa damar yin rajistar fili har eka 20 shi kaɗai. Ƙasar tana nan ta gwamnati, kana iya ratsawa ko ka yi fatsa, amma zinaren da ke ciki nasa ne. Takarduna uku ba wadda ta ba ni ikon taɓa ƙwaya ɗaya a nan. Na juye masa abin da ke tasar, na ba shi haƙuri. Mu ma ashe a filin ƙungiyar da dattijon ke biya wa kuɗin shekara muke, ni ne ban tambaya ba.

Sauran ƙa'idojin a aikace na koye su. Ba a rarake gaɓar kogi. Ba a kawar da manyan itatuwan da suka faɗa ruwa, maɓoyar kifi ce. Fetur sai da abin tare shi don kada ya ɗiga. In ka ci karo da zaiba irin wadda tsofaffin mahaƙa suka bari, ka tattara ta, ba a mayar da ita. Ranar da na ga ɗigonta yana sheƙi a magudana, Zamfara ce ta faɗo mini, shekarar 2010, da gubar dalma daga niƙan dutsen zinare a cikin gidaje ta hallaka ɗaruruwan yara. Daga nan ban sake ƙunƙuni kan takardu ba.

Ranar ƙarshe rabinta a cike ramukan da muka haƙa ta tafi, da hannu, dutse bayan dutse. Da muka auna, rabona giram 3 da 'yar ɗoriya, bai mayar da kuɗin mai da na rigar ruwa ba. Yana nan cikin kwalba a kan talabijin. Uwargida ta ce ko ɗan kunne ba zai yi ba, na ce ta bari sai Yuli mai zuwa.