Mukullin da na ɓoye cikin hula

Ni fa da can ko a mafarki ban taɓa zaton wata rana zan cire kuɗina in sayi bindiga ba. A inda na taso bindiga ta mutum uku ce, ɗan sanda, maharbi, sai kuma wanda ake neman tsari da shi. Sai ko 'yan bindigar sarki ranar hawan sallah, su ɗura albarushi su sake ta sama ƙasa ta girgiza, mu yara muna toshe kunne muna ihu kuma muna ƙara matsowa. Kakana na wajen uwa yana da adaka guda ɗaya rataye a bangon ɗakinsa, ba kwaɗo ba komai, kwarjinin tsohon kaɗai shi ne mukullinta, kai ko ƙofar ɗakin ba ka isa ka leƙa ba balle ka taɓa ta.

Toh sai ga ni a Houston, jihar Texas, inda za ka shiga babban kanti sayen takalmin motsa jiki ka ga bindigogi jere a bango kamar fartanya a kasuwar ƙauye.

Wani abokin aikina ne ya ja ni, Bature ne dattijo haifaffen nan, ya fi wata shida yana min naci in raka shi filin harbi ranar Asabar ina ta zillewa, yau in ce yara gobe in ce masallaci, har dai kunya ta kama ni na bi shi. Muna shiga aka karɓi katin shaidata, aka ba ni takarda na sa hannu, aka miƙo min tabarau da abin toshe kunne irin mai kama da na masu aiki a filin jirgi. Kafin in taɓa komai sai da ya tsayar da ni ya karanta min ƙa'idoji huɗu da wani tsohon sojan Amurka mai suna Jeff Cooper ya shahara da su: kowace bindiga ka ɗauka akwai harsashi a cikinta ko da kai ka cire da hannunka, kada ka nuna bakinta ga abin da ba ka shirya lalatawa ba, yatsanka kada ya kusanci kunama sai ka gama saiti, sannan ka san abin da kake harbi da abin da ke bayansa. Ya sa na maimaita sau biyu kamar ɗan makarantar allo, ni kuwa da gemuna.

Ƙaramar bindiga ya fara ba ni, doguwa mai cin harsashin .22, wanda bai wuce rabin ɗan ƙaramin yatsa ba. Aka maƙala takarda mai zagaye-zagaye, ya danna maɓalli ta tafi can yadi 25. Na kwantar da kumatu, na rufe ido ɗaya, ina shirin harbi sai wanda ke gefenmu ya saki wata ƙatuwar fistol, wallahi har cikin haƙorina na ji ta, saura kaɗan in ajiye in ce sai anjima. Harsashi goma na farko uku ne kawai suka taɓa takardar, su ma a gefe. Dattijon ya yi dariya ya ce fizgar kunamar nake yi. Ashe ba a fizga, matsa ta ake a hankali kamar kana taɓa nunannen mangwaro kana gudun kada ya fashe, ka saki rabin numfashi ka riƙe rabi, har harbin ya zo maka ba zato. Da na gane wannan sai ramukan suka fara taruwa wuri guda, kuma abin da ban taɓa tsammani ba shi ne natsuwar da ke ciki. Minti arba'in ba ka tuna kuɗin haya, ba ka tuna saƙonnin 'yan uwa da ke jiranka a WhatsApp, daga kai sai ɗigon baƙi a tsakiyar takarda. Wasa ne sosai fa, har a gasar Olamfik ana yinsa, akwai masu harbi da bindigar iska daga mita 10, akwai masu harbin faifan yumɓu da na'ura ke cillawa sama.

Bayan kamar wata biyar ina aron tasa sai na ga abin ya isa haka, na yanke shawarar sayen tawa, Ruger 10/22, wadda tun 1964 ake ƙera irinta kuma da yawa daga cikin waɗanda suka koyi harbi a ƙasar nan da ita suka fara. Sauƙin sayen ne ya ɗan tsorata ni. Na cike fom mai lamba 4473, ana tambayarka ko an taɓa ɗaure ka, ko kana shaye-shaye, ko akwai umarnin kotu a kanka da ya hana ka kusantar iyalinka, mai kanti ya tura sunana ga tsarin binciken FBI da aka fara tun 1998, kafin in gama duba jakunkunan bindiga amsa ta dawo. Shikenan. Ko rabin awa ban yi ba. Na tuna gida, inda dokar makamai ta 1959 ta ce wasu bindigogin sai da lasisin shugaban ƙasa, na farauta ma sai ka bi ta hannun babban sufeton 'yan sanda. Amma fa ɗalibai da masu bizar ziyara kada ku ji wannan ku ruga kanti, ni girin kad gare ni, wato katin izinin zama na dindindin, shi ya sa, mai biza doka ta hana shi sai da wasu sharuɗɗa, kuma ƙarya a kan wannan fom laifi ne da ke kai mutum gidan yari. Wata cibiyar bincike da ke Janeba, Small Arms Survey, ta ƙiyasta a 2018 cewa bindigogin da ke hannun fararen hula a Amurka sun kai miliyan 393, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. Ranar na ƙara musu guda.

Rigimar tana gida. Uwargida ta kalli dogon kwalin ta kalle ni ta ce, "Abban yara, a gidan nan za ta kwana?" Na ce ai ƙarama ce, ta wasa ce, takarda kawai nake harbi. Ta ce, "Ita ta san takarda?" Na rasa abin cewa. Sai na ciro kwaɗon da ya zo tare da ita a kwali, irin mai igiyar ƙarfe da ake zurawa ta cikin bindigar yadda ba za ta ɗanu ba, na kulle a gabanta, na sa ta cikin jaka na ɗora can saman wadrob, harsasan kuma na kai gareji. Mukullin na jefa cikin wata hulata zanna bukar da ba na sawa sai sallah, na kifa ta cikin sauran huluna. A raina na ce ko aljani sai ya sha wahala kafin ya gano.

Haka muka yi kusan shekara. Ranar da abin ya faru ba wani abin tashin hankali ba ne, ba a yi harbi ba, ba a ji wa kowa ciwo ba, amma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Muna cin tuwo da daddare, uwargida ta sake tayar da maganar, ni kuma cikin alfahari na ce ai ba wanda ya san inda mukullin yake. Ta juya ta kalli babban yaronmu, lokacin shekararsa bakwai, ta ce masa, "Kai, ina Abba yake ajiye ɗan mukullin nan?" Yaron ko ɗago kai bai yi ba, yana gutsurar tuwo ya ce, "Cikin hular nan mai ruwan ƙasa." Ƙanwarsa 'yar shekara biyar ta ce, "Kuma harsashin yana gareji bayan fenti."

Lomar da ke hannuna sai da na mayar da ita kwano. Ban taɓa buɗe hular nan a gabansu ba, ko dai in ce ban san na taɓa ba. Uwargida ba ta ce uffan ba, ta ci gaba da cin abincinta, wanda duk mai aure ya san wannan shirun ya fi faɗa ciwo.

Daren nan ban yi barcin kirki ba, na yi ta karance-karance a waya. Na san labarin makarantar Oxford ta jihar Mishigan sama-sama amma ban taɓa bin diddiginsa ba sai ranar. A ƙarshen Nuwamban 2021 uba ya sayi fistol, kwana huɗu bayan nan ɗansa mai shekara 15 ya ɗauke ta ya tafi makaranta ya kashe ɗalibai huɗu. A 2024 kotu ta kama uban da uwar, James da Jennifer Crumbley, da laifin kisa ba da niyya ba, kowannensu ɗaurin shekara 10 zuwa 15, kuma cikin abin da aka riƙe su da shi har da rashin killace bindigar. Nan Texas ma da ake ganin komai a sake yake, tun 2021 ma ba ka buƙatar lasisi kafin ka rataya fistol ka fita, doka ta ce laifi ne ka yi sakaci yaro ɗan ƙasa da shekara 17 ya kai hannu kan bindiga mai harsashi, har allon gargaɗi ake liƙawa a kantunan bindiga, na sha wuce shi ban tsaya na karanta ba. Alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, kuma sun nuna daga 2020 bindiga ta zarce hatsarin mota wajen kashe yara da matasa a ƙasar nan. Wani abin da mu Hausawa ba ma son ko ambatonsa, fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa a Amurka su suka kashe kansu. Muna cewa Allah ya kiyaye, amin, amma yaran nan namu a nan suke girma, matsin da ke kan 'ya'yan maƙwabta shi ke kansu, kuma ɗan shekara bakwai na yau gobe ɗan sha biyar ne mai rufe ƙofa ya ƙi magana da kowa.

Washegari na je na sayi sef, dogon akwatin ƙarfe mai lambobin dannawa. Kuɗinsa ya fi na bindigar, abin ya min ciwo ba kaɗan ba. Mu uku muka shigar da shi, dattijon nan ya zo da na'urar huda ya ɗaure shi da ƙusoshi a daɓen ɗaki da bango, ya ce sef ɗin da ba a ɗaure ba ɓarawo ɗaukarsa yake gaba ɗaya ya je ya buɗe a nitse. Harsasai na saya musu nasu ƙaramin akwatin daban mai nasa kwaɗon. Lambar sirrin ba ranar haihuwar kowa ba ce, ba kuma ƙarshen lambar wayata ba, don na riga na ga aikin yaran nan, kuma ba na danna ta sai na tura ƙofa. Kwaɗon igiyar ma ban cire ba, yana jikinta a cikin sef ɗin. Sai matsalar da ban yi tunaninta ba, laimar Houston, wata biyu kawai na ga tsatsa ta fara fitowa a jikin ƙarfen, dole na sayi wani siririn ƙarfe mai aiki da lantarki da ke ɗumama cikin akwatin yana korar danshi, ina kuma shafa mata mai duk bayan fita.

Dattijon dai bai yarda da ni gaba ɗaya ba. Shi tasa fistol ɗin tana gefen gado cikin ƙaramin akwati mai buɗewa da zanen yatsa, ya ce in ɓarawo ya shigo kafin in buɗe sef in buɗe kwaɗo in nemo harsashi ai an gama da ni. Gaskiyarsa ne, amma ni ba don ɓarawo na saye ta ba, kuma shi daga shi sai matarsa da kare. Gidana kuwa gidan Bahaushe ne ko a ina aka gina shi, ranar sallah ko suna za ka ƙirga yara goma sha biyar, iyaye suna falo ana ta hira da shan kunun aya, su kuma suna sama suna buɗe duk abin da ke buɗuwa, ba wanda zai iya cewa ga ɗan wane a ɗaki kaza. Abin da kwarjinin kakana ya yi masa ni nawa ba zai min ba, yaran yanzu har aljihunka za su laluba suna maka dariya.

Abu ɗaya da har yanzu yake min nauyi shi ne tambayar iyayen abokan yarana ko akwai bindiga a gidansu kafin in bar su su je wasa. Karon farko sai da na yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman bashi, matar ta ce eh akwai, a kulle suke, ta ma ji daɗi da na tambaya, sannan ta mayar min da tambayar.

Yanzu duk na dawo daga filin harbi uwargida ce ke tare ni a gareji, in wanke hannu saboda dalmar harsashi, in juye aljihuna a gabanta, don an taɓa tsintar harsashi guda mai rai a injin wanki kuma ba na son a sake tayar da wannan zancen. Sef ɗin yana da mukullin ko-ta-kwana na ranar da batir ya mutu. Yana hannunta. Na tambaye ta inda ta ajiye shi ta ce ba cikin hula ba ne dai.