Yadda gwiwar ɗana ta lalata mini farantin sola

Shekara biyu ke nan da na ɗora farantan sola shida masu wat 550 a rufin gidana a Rijiyar Zaki. Kowanne ya haura mita biyu a tsawo, nauyinsa ya kusa kilo 28. Ranar da ake miƙa su sama na ga cikinsu yana ɗan lotsawa, amma ban kawo komai a raina ba, domin takardarsu ta ce an gwada su bisa ƙa'idar IEC 61215, fuskarsu tana jure matsin nauyi na faskal 5,400. Wato kusan kilo 550 a kan kowace murabba'in mita. Wannan lissafi shi ya ruɗe ni.

Da hunturu ya kama, ƙura ta lulluɓe su, sai na sa babban ɗana ya hau ya wanke. Ina tsakar gida ina kallo ya durƙusa a kan na bakin domin ya kai ga na tsakiya. Gilashi bai fashe ba, ko ƙara ban ji ba. Sai da aka kwana biyu na lura batir ba ya cika kafin la'asar.

Mai gyara ya auna su ɗaya bayan ɗaya, ya kama hannuna ya ɗora a bayan na bakin nan da tsakar rana. Wuri guda, kamar faɗin tafi, zafi rau.

"Alhaji, wani ya taka wannan?"

Ya ce ƙwayoyin da ke ƙarƙashin gilashin, masu mayar da hasken rana wutar lantarki, ba su kai kaurin ɓawon ƙwai ba. A wajen gwaji baza nauyi ake yi ko'ina daidai, ita kuwa gwiwa wuri ɗaya take tara shi. Gilashin yana lanƙwasa ya dawo, ƙwayar ta tsage yadda ido ba ya gani. Laifina ne, ni na tura yaron.

Ya kuma nuna mini cewa wanda ya ɗora su can ƙarshe-ƙarshe ya damƙe su don tsimin ƙarfe, ya bar tsakiya tana lilo. Iskar farkon daminar Kano kuwa ta ƙasa take shiga ta ɗaga, kamar yadda take yaye kwano.

Na sayo ƙarfe a Ƙofar Ruwa, muka matsar da maɗaurin zuwa dogon gefe inda kamfanin ya nuna, muka bar hanyar takawa tsakanin layuka. Farantin da ya tsage na canza shi. Wanki yanzu da doguwar sanda mai soso ake yi, da sassafe kafin gilashi ya ɗau zafi.