Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarar da na daina bin manyan bukukuwa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya na tsaya a inda kasuwar kaset ta mutu a hannunmu, yara masu tura waƙa a waya suka karɓe layin, ni kuma na koma sayar da caja da batir da ɗan abin da ba a rasa ba. To amma mutuwar sana'ar ba ta hana ni bin bukukuwa ba ko kaɗan, don tun farko ba kuɗin kaset ne kaɗai ke kai ni ba, kiɗan nake so, kuma jinina ya riga ya saba, da an ce kaka ta yi an fara dambe da kokowa ko watan Sallah ya tsaya sai in ji zama ya gagare ni a shago.

Shekarata a tsare take tun muna samari. Sallah ƙarama da babba ina Ƙofar Soro a nan Katsina tun da sassafe, in samu wuri kusa da masu kakaki da algaita, wata shekarar kuma in wuce Kano don Hawan Daushe. Watan Mauludi ina Daura wajen Sallar Gani. In sanyi ya shigo sai mu tsallaka ta Jibiya mu faɗa Maraɗi, daga nan mu bi kokowar Takobi, babbar gasar kokowa ta ƙasar Nijar, duk jihar da ta faɗa, wadda aka fara tun 1975 a Tawa, kowace jiha ta kawo 'yan kokowa goma, a yi kwanaki ana gwabzawa. Mutane na zuwa kallon kaye ne, ni kuwa wajen makaɗa nake rakuɓewa da rikodata, don kowane ɗan kokowa da takensa, kuma in ka ga ƙato ya miƙe yana kirari jikinsa na rawa to ganga ce ta kira shi da sunan da uwarsa ma ba ta kiran shi da shi. Sai kuma uwa uba, Argungu.

A Argungu na fara gane akwai matsala, a bikin 2020. Kun san an daɗe ba a yi ba, wajen shekara goma kenan tun na 2009, shi ya sa da aka ce za a yi a watan Maris ɗin nan ban ma yi shawara da kowa ba, ni da abokin tafiyata muka bi ta Funtuwa, Gusau, Talatar Mafara, Sakkwato, ga hanyar Zamfara yadda ta zama, kowa a mota bakinsa da addu'a har muka sauka. Wanda bai taɓa tsayawa bakin kogin Matan Fada ranar kamun kifi ba da wuya ya gane abin da nake nufi. Dubban masunta jere da homa da gora, Sarkin Ruwa ya gama nasa, a harba bindiga, su ruga ruwa gaba ɗaya ƙura ta tashi, sannan ga makaɗa cikin kwalekwale suna ratsa tsakiyarsu suna zuga su. Biki ne da ya samo asali tun 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara aka binne tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma a 2016 UNESCO ta saka shi cikin al'adun duniya da ake karewa. A bikin na 2020 giwan ruwan da ya ci gasa kilo 78 ya yi, na gan shi da idona ana ɗora shi a sikeli.

Amma kiɗan ban ji shi ba. Ina ganin hannun mai kalangu yana sauka, ina ganin yadda yake matse shi a hammata yana saki, na san magana yake yi da shi don haka kalangu yake, matsewar nan ita ke ɗaga murya sakin kuma ya kwantar da ita, to amma abin da ke iso min dum dum ne kawai, ba baƙi ba wasali. Na juya na ce wa abokina, Alhaji taken wa yake kaɗawa? Ya dube ni ya ce haba mutumina, kai da kake koya mana? Ya ɗauka wasa nake. Daren nan a masauki ban yi barci ba, wani siririn ƙara ya kama min kunnen hagu, kuma har yau da nake rubuta wannan bai sake ni ba.

Da muka dawo ba a jima ba korona ta rufe ko'ina, aka hana hawa aka hana taro, sai na ce ai hutun nan zai gyara kunnen. Bai gyara ba. Uwargida ce ta fara magana, ta ce Malam rediyon nan fa har maƙwabta na jin labaran da kake ji, kuma sai in kira ka daga madafa ka yi shiru kamar kana fushi da ni. A masallaci in ina sahun baya karatun liman yana zuwa min a dunƙule. Muryar maza ina ɗan kamawa, ta mata da ta yara ita ta fi ɓace min, jikata za ta zo tana ba ni labarin makaranta sai dai in bi bakinta da ido.

'Yata ta biyu ma'aikaciyar jinya ce, ita ta matsa sai da na je wajen likitan kunne. Suka sa ni a wani ɗan ɗaki suka ɗora min abin ji a ka, in na ji ƙara in danna. Da ya gama ya ce Baba wace sana'a kake yi? Na gaya mishi. Ya gyaɗa kai ya ce can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙananan gashi masu ɗaukar sauti, ƙara mai yawa na kashe su, shekaru ma na kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa, ba allura ba ƙwaya. Ya ce masu ɗaukar siririn sauti su ke fara tafiya, shi ya sa nake jin rugugin ganga amma algaita da kirarin maroƙi suke kuɓuce min. A ranar kuma suka auna jinina suka ga ya hau sosai, aka ɗora ni a kan magani, cikinsa har da mai sa yawan fitsari.

A hanyar gida 'yar tawa ta buɗe waya ta karanta min abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar. Wai ƙarar da ta kai desibel 80, wato ma'aunin ƙarfin ƙara, kunne zai iya ɗaukar ta awa 40 a mako, in ta kai 90 awa 4 ne kacal, in ta kai 100 kuwa minti 20 ne a mako gaba ɗaya. Ta ce Baba gaban lasifikan da kake tsayawa daga la'asar har tsakar dare wane lissafi za a yi mishi? Kuma gaskiya ne bukukuwa sun canza a idonmu. Da can makaɗi da ƙarfin hannunsa da na maƙogwaronsa yake cika fili, in ka matsa baya kaɗan ka huta. Yanzu ko ƙaramin dandalin dambe sai an jibga lasifiku an tayar da janareta an ƙure murya har tana tsagewa, kotso da taushi da aka yi su don kunnen sarki a zaure su ma an cusa musu makirfo. Ni ban ga abin da hakan ya ƙara wa kiɗa ba, kuma yaran da nake gani suna rawa a gindin lasifikan nan wallahi tausayi suke ba ni.

Likita bai ce min kar in sake zuwa ko'ina ba, kuma ko da ya ce ban san zan ji ba. Bayan korona na ci gaba da fita, ina toshe kunne da ɗan abin roban da suka ba ni, ina tsayawa nesa. To nan ne fa na ga abin da ya fi kunnen damuna. Maganin hawan jini ba ya shiri da cunkoso, kana tsakiyar dubban mutane fitsari ya matso ka, babu ban-ɗaki kusa, in ka fita kuma wurinka ya tafi. In ka ce bari in ƙi shan ruwa sai jiri ya ɗebe ka a rana, in ka ce bari in tsallake maganin yau ka san abin da kake wasa da shi. Ga gwiwa ta fara nata. A wani hawan Sallah dawakai suka zaburo jama'a suka ja baya a guje, abin da na saba kauce mishi tun ina yaro, sai ga ni ƙafa ta ƙi ɗagawa, babban ɗana ne ya rungumo ni ya jingina da bango ya kare ni da bayansa. Da ƙura ta lafa na ga hannunsa ya goge yana jini. Yaron nan ya rufe shagonsa ranar ciniki, bai kalli hawa ba ko sau ɗaya, ni yake kallo tun safe.

Na daɗe ina juya abin a raina, don ba ƙaramin abu ba ne a ce mutum ya bar abin da ya yi shekara kusan arba'in yana yi. Abokaina na tafiya a can na same su. Akwai gidaje a Maraɗi da Argungu da in na yi sallama ba a tambayar wane ne, sai dai a shimfiɗa tabarma a kawo fura. Makaɗa da yawa da na ɗauka sun rasu, 'ya'yansu ke riƙe da gangunan, in suka hango ni sai su sako taken ubansu don sun san akwai wanda ya san shi a filin. Wa zai so ya bar wannan? Kuma akwai tsoron da ba a cika faɗa ba, na ga dattawa da dama da suka ajiye abin da suke so suka zauna ƙofar gida, ba a shekara biyu ba sai ka ga mutum ya zube.

Abin da ya yanke min hukunci shi ne kwalayen kaset da ke ɗakina. Akwai na dambe, na kokowa, na 'yan tauri, kiɗan noma, kiɗan ƙwarya na mata, wasu tun farkon shekarun 1980, da yawa babu rubutu a jikinsu sai shekara da sunan gari, zafi da ƙura kuma suna cin zaren a hankali. Autana ya ce zai iya juye su a kwamfuta, amma Baba sai ka zauna ka gaya min wane ne wannan, taken wa yake kaɗawa, a ina aka yi. Duk gidan ba mai iya wannan sai ni, kuma da kunne ake yin shi. Sai na ga jin da ya rage min kamar hatsin da ya saura a rumbu ne ga manomin da ba zai sake shuka ba, dole ya san inda kowane mudu zai tafi. In na kai shi gaban lasifika na kwana uku, na dawo da abin da ya fi na da ƙaranci, to da me zan ji kaset ɗin, da me zan ji karatun liman, da me zan ji jikata?

Ban yanke duka rana ɗaya ba, bi da bi na yi. Kokowar Nijar ita ta fara fita, dama an rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, ga kuɗin mota ya ninka tun da aka cire tallafin mai, ko da aka buɗe ban koma ba. Argungu na cire ta har abada, kuma ita ta fi yi min ciwo, tafiyar ta yi nisa, ranar ta yi zafi, turmutsutsun bakin ruwa kuma ba na mai irin gwiwata ba ne. Dandalin dare duk inda aka kafa lasifika na bar shi. Hawan Sallah ina fita amma ba Ƙofar Soro ba, akwai wani ɗan'uwanmu mai bene a kan hanyar da sarki ke bi, can nake zama a kujera da ruwana da maganina, kakaki na wucewa ta ƙasa in ɗan samu rabona, kafin la'asar ina gida. Sallar Gani kuwa mun yi yarjejeniya da yara, in awon jini ya yi kyau a makon zan je Daura in yini in dawo, in bai yi ba babu musu.

Uwargida da na gaya mata ba ta ce komai ba sai Alhamdulillahi, ta tashi ta shiga ɗaki, daga baya 'yarta ke gaya min duk tafiyar da na yi ta hanyar Gusau ba ta runtsawa sai na kira.

Wanda bai karɓi maganar ba shi ne abokin tafiyata. Ya girme ni da shekara biyu, yana da ciwon suga, amma ya ce shi sai dai a ɗauko shi daga fili. Ya zo har shago ya ce mutumina ka tsufa da gangan, ajali ai ko a kan gado yana samun mutum. Na ce Alhaji ni ba mutuwa nake gudu ba, kurumta nake gudu, kuma ba na son ɗana ya sake tare min doki da jikinsa. Ya ce to wa zai riƙa gaya min taken da ake kaɗawa? Na ce ka ɗauko min a waya ka kawo, mu zauna a zaure in sa a kunnen dama in gaya maka. Ya tashi bai ko sha shayin da aka kawo mishi ba. Ban ga laifinsa ba, shi ma abin da zai rasa yake kallo, kuma har yanzu ban iya cewa nawa ne daidai ga kowa, shi ya san jikinsa. Mun yi kusan wata biyu sai gaisuwar masallaci, kafin wata rana ya turo jikansa da memori a ƙulle cikin takarda, babu saƙo babu komai.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin yadda muka fara juye kaset ɗin ni da auta, da wanda muka samu na wani makaɗin dambe da iyalinsa ba su da muryarsa ko ɗaya, da yadda muka yi muka gano garinsu.