Tafiya Yamai da gwangwanin nagatif

Baffana ya yi sana'ar hoto a Tawa tun kafin a haife ni, bai bari ba sai da idonsa ya yi rauni. Bayan rasuwarsa, da aka zo rabon kaya, sai aka turo mini abin da babu wanda ya nema: kyamararsa Yashica mai ido biyu, irin wadda ake ratayawa a wuya ana leƙawa ta sama, da wani gwangwanin biskit cike da nagatif, wato wankakken fim ɗin da ake buga hoto da shi. Nakan ɗaga su ɗaya-ɗaya a hasken rana in ga mutane da fararen fuskoki da baƙaƙen rawuna, ban san ko su wane ne ba. Na zagaya shagunan hoto na garinmu, kowa ya ce ya daɗe da barin wankin fim, yanzu kati ko waya ake kawowa a buga wa mutum nan take. Ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Abdou Moumouni shi ne ya kira ni ya ce, "Kawu, akwai wasu a nan Yamai da har yau suke wanke hoto da hannu, ba don kuɗi ba, don sha'awa kawai. Ka taho da su."

Na shiga kar, wato babbar motar fasinja, bayan sallar asuba, ana tsakiyar hunturu. Tafiyar ta haura kilomita 500: Badagishiri, sai Tsarnawa inda ake hawa babban titin da ya taso daga Maraɗi, sai Konni, Dogon Dutse, Doso. Hazo ya rufe ko'ina, rana ta fito fara fat ba ta da kaifi. Wajen Kure, inda raƙuman dawa suke, wani ya ce ga su can, nan da nan rabin motar suka manna wayoyinsu a gilashi. Matar da ke kusa da ni ta yi ta dannawa, ta duba, ta goge duka, don ba abin da ya fito sai ƙura da itatuwa. Gwangwanin kuwa yana kan cinyata tun daga tasha, ban yarda a jefa shi cikin kaya a ƙasan mota ba.

Mun shiga Yamai wajen la'asar, na kwana a Harobanda, ƙetaren gadar Kennedy. Kogin ya cika maƙil, domin a wannan lokaci ne ruwan da ya taso daga ƙasar Gini yake isowa, bayan damina ta daɗe da wucewa.

Washegari yaron ya kai ni wani gida a Bukoki. Mai gidan dattijo ne, tsohon malamin lakkwal, mutumin Dogon Dutse, kowa Baba yake ce masa. A ƙofar gidan akwai fada: ɗalibai, wani ma'aikacin gwamnati, da wata budurwa da ke ɗaukar hoton biki da suna da kyamarar Canon. Bayan gaisuwa na miƙa gwangwanin. Bai kalli ko nagatif ɗaya ba sai da ya buɗe murfin ya kai hancinsa.

"Ɗana, ka ji wannan tsamin? Fim ne ya fara ruɓewa."

Ya ce robar tsohon fim idan ta sha zafi da laima sai ta fara fitar da wari mai tsami, ta ƙanƙance, ta lanƙwashe, kuma wanda ya kamu yana shafa wa na kusa da shi. Ba ya warkewa. Nan take ya zauna ya ware masu warin a ambulan daban, ya ce kada su sake kwana wuri ɗaya da sauran. Jikina ya yi sanyi, don waɗanda ya ware ba kaɗan ba ne.

Ya ce kafin a taɓa aikin baffana sai na ɗanɗana abin da ya sha. Ya buɗe firji ya ɗauko fim ɗin Ilford HP5, baƙi da fari, wanda ake yi a Ingila, ya ɗura mini a Yashica. Hoto 12 kacal yake ɗauka, kowane mai faɗin santimita 6 a tsaye da kwance. Saƙo yake bayarwa ga matafiya su taho masa da shi daga Faransa, yana roƙonsu su nemi a duba shi da hannu a filin jirgi, saboda sababbin na'urorin binciken kaya suna ɓata fim.

Muka gangara bakin kogi da hantsi. Gada da gine-ginen gwamnati muka ba su baya, kowa a Yamai ya san ba a nuna musu kyamara. Ga masu wanki sun shanya kaya a kan ciyawa, ga masu lambu suna ban ruwa, ga masunta suna gyaran koma. A cikin Yashica abin da ke dama yana bayyana a hagu, sai mutum ya natsu kafin hannunsa ya saba. Na nemi izinin wani masunci, ya gyara tsayuwa a kan jirginsa, na danna. Sai ya matso ya ce in nuna masa. Ba ni da abin nunawa. Budurwar nan ce ta juya masa bayan kyamararta ya ga kansa, ya yi murmushi, ta karɓi lambar ɗansa ta ce za ta tura masa ta WhatsApp kafin dare. Na ga yadda fuskarsa ta sake da ita, kuma na riƙe wannan a zuciyata.

Ɗakin duhun Baba tsohon ɗakin ajiya ne, an toshe kowace kafa da baƙin yadi da tsohon bargo. Wayoyi a waje ake barinsu. Lokacin fitar da fim daga naɗinsa ko jar fitilar ma sai an kashe, duhu ƙirin, ba abin da nake ji sai ƙarar yatsunsa yana naɗa fim a faifai yana rufe shi cikin 'yar tukunyar roba da haske ba ya shiga. Daga nan aka kunna wuta, aikin ya koma na ma'aunin zafi. Ruwan maganin da ke fito da hoto digiri 20 ake so ya tsaya, ruwan pampo kuwa ko a hunturu ya fi haka da rana. Ya aiki yaro ya sayo ƙanƙara a leda, ya tsoma kwalbar maganin cikin bokiti yana dubawa har ta sauko daidai. Minti bakwai da rabi, yana juya tukunyar kowane minti. Sai ruwan tsayarwa, sai na kafe hoto wanda ke wanke azurfar da haske bai taɓa ba, sai ɗauraya mai tsawo. Ya ce a watan Afrilu da Mayu, idan zafi ya haura digiri 40, sai tsakar dare yake wannan aiki, wani lokaci ma ya haƙura har damina ta sauka. Fim mai kala shi digiri 38 yake so, amma maganinsa ya fi wuyar samu kuma ba ya jure ajiya. Wajen shanya kuma ƙura ce abokiyar gaba: ya yayyafa ruwa a ƙasa, ya rataye fim ɗin a cikin durowar leda ya zuge, ya ce kada wanda ya kuskura ya buɗe. Ƙwayar ƙura ɗaya idan ta manne a jiƙaƙƙen fim ta zauna ke nan, kuma za ta fito fari a fuskar mutum duk lokacin da aka buga.

Da dare muka koma don nagatif ɗin baffana. Ya zaɓi guda ya sa a injin faɗaɗa hoto, mai fitila a sama da gilashi a ƙasa, ya haska shi a kan takarda cikin jan haske. Ya fara gwadawa da 'yar tsiririyar takarda don ya san daƙiƙa nawa za a ba shi. Da ya zo bugun gaske sai na ga yana kaɗa tafin hannunsa tsakanin fitilar da takardar, yana tare wa fuskoki haske don kada su yi baƙi su ɓace, yana ƙara wa fararen riguna don aikinsu ya fito. Ya tsoma takardar a faranti yana girgizawa a hankali. Fara ce fat, sai inuwa ta fara tasowa, sai idanu, sai ga samari uku da wanduna masu faɗin ƙafa, ɗaya ya rungume rediyo, ɗaya ya turo hannu gaba don agogonsa ya fito. Ana iya ƙirga zaren hular na tsakiya. A bayansu akwai labulen da na taso na gani rataye a ƙofar ɗakin baffana, ban taɓa sanin daga shagonsa ya fito ba. Na daɗe ban ce komai ba.

Gardamar a wajen shayi ta tashi. Ma'aikacin nan ne ya tsokano ta, ya ce kamfanin Kodak da kansa ya ƙera kyamarar dijital ta farko a 1975, injiniyansa Steven Sasson ya haɗa ta, hoto ɗaya sai ya ci daƙiƙa 23 kafin ya hau kaset, amma abin da suka haifa shi ya kai su ga neman kariyar kotu saboda karayar arziki a 2012. Ya ce idan masu yin fim ɗin ma abin ya kayar da su, mu me muke nema?

Budurwar ta ɗora. "Baba, ka gafarce ni, amma da fim aka ce in koya, da ban taɓa riƙe kyamara ba." Ta ce da wayar yayanta ta fara, tana ɗauka tana gogewa ba ta biyan ko dala, har idonta ya buɗe. Ta ce a gidan biki mata suna son su ga hoton nan take, wadda ba ta yarda da shi ba ta ce a goge, kuma haƙƙinta ne. A ɗaki mai duhu tana ƙara wa kyamara ƙarfin ganin haske da danna ɗaya, mai fim kuwa abin da ya ɗura shi ke nan sai ya ƙare. Ta ce fim ya zama na wanda ke da ɗan'uwa a Turai, kuma ruwan maganin da aka gama da shi, mai azurfa a ciki, ina ake zubar da shi in ba kwata ba?

Baba ya saurare ta har ta gama. "Ɗiyata, hotunan da kika ɗauka shekarun da sunka wuce, suna ina?" Ta ce wasu suna nan, wasu sun tafi da wata ma'ajiyar kwamfuta da ta mutu. Ɗaliban suka fara lissafi: wannan an sace masa waya, wannan tasa ta faɗa ruwa, wannan ya manta kalmar sirri. Baba ya nuna hoton samarin nan da ke shanye. "Wannan cikin gwangwani ya kwana shekara da shekaru, ba caji ba intanet, ga shi munka fiddo shi."

Ni ina son fim, kuma daren nan ya ƙara mini sonsa. Amma maganar yarinyar ta fi nauyi a wurina. Ba zan ce wa yaron da ke Tawa ya tara kuɗin da ba shi da shi ya sayi fim ba, ya ɗauka da abin da ke hannunsa, sai dai ya riƙa buga masu muhimmanci a takarda. Ita ma hujjar Baba ba ta cika ba, tunda da hancinsa ya ji gwangwanin yana ruɓewa. Abin da ya dame ni ya wuce wane ya fi wane. Baba ya ba mu labarin Philippe Koudjina, haifaffen Kwatano, wanda ya ɗauki daren Yamai da wuraren rawarta a shekarun 1960 da 1970, ya rasu a 2014. Ya ce da injinan wanke hoto mai kala suka shigo a shekarun 1980, masu baƙi da fari da yawa sana'arsu ta durƙushe, nagatif ɗinsu ya zama tarkace. Mutanen Mali sun tashi tsaye a kan nasu: tun 1994 ake taron masu hoto na Afirka a Bamako, kuma Malick Sidibé ya karɓi lambar Zakin Zinariya a birnin Venice a 2007. Mu kuma irin su baffana a Tawa da Damagaram da Agadas, gara da zafi suna cin aikinsu a ƙarƙashin gado, kuma tsofaffin da za su iya cewa wannan wane ne, ɗan wane, suna ƙarewa.

Budurwar ce ta kawo mafita da safe. Ta zo da wani faifan haske, ta kafa Canon ɗinta a kan ƙafafu tana kallon ƙasa, ana shimfiɗa nagatif tana ɗauka, a kwamfuta ta juya baƙi ya koma fari. Masu warin nan aka fara da su. Kafin azahar ta yi abin da Baba ba zai buga cikin wata guda ba, shi kuma yana zaune gefenta yana danne lanƙwasassun da gilashi, yana yi mata gyara idan fuska ta yi duhu. Ba wanda ya janye maganarsa ta jiya. Muka shirya ta ƙarasa sauran ta ajiye su wuri biyu, shi kuma ya buga mini waɗanda na zaɓa a takarda, in biya kuɗin takardar da magani.

A hanyar komawa na sauka a Konni, domin Baba ya ce a da akwai masu hoto a kusa da kasuwa. Na yi ta tambaya har aka haɗa ni da wani tela da ya san su. Ɗaya, in ji shi, da aka sayar da gidansa an kwashe nagatif ɗin an cinna musu wuta tare da shara. Ɗayan 'ya'yansa suna nan. Na same su, babban ya ce akwai wata akwatin ƙarfe ta mahaifinsu da ba a buɗe ba tun rasuwarsa, amma sai ya shawarci mahaifiyarsu. Na roƙe shi ko kafin nan ya fitar da ita daga ɗakin kwano ya sa ta inda iska ke shiga, muka yi alkawari zan dawo bayan salla tare da ɗan yayata da faifan hasken.